Emily Kam Kngwarray: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsohuwar da Ta Zana Ƙasarta

Ɗalibin zane da aka ba aikin gida, da wanda ya ci karo da hoton aikinta a intanet ya tsaya yana kallo, kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi a kan wannan baiwar Allah. Su aka tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar a zauna.

Wace ce Emily Kam Kngwarray?

Mai zane ce 'yar asalin Ostareliya, daga al'ummar Anmatyerr, ɗaya daga cikin al'ummomin da ake kira Aborijin, waɗanda suke zaune a wannan nahiya fiye da shekara 50,000 kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. An haife ta a Alhalker, gefen yankin da ake kira Utopia, kimanin kilomita 250 arewa maso gabashin garin Alice Springs. Babu wanda ya rubuta ranar haihuwarta. An daɗe ana cewa wajejen 1910 ne, wasu kuma suna kai shi 1914. Ta rasu a Alice Springs a watan Satumba na 1996.

Daga ƙarshen 1988 zuwa rasuwarta, shekara takwas ba su cika ba, ta yi zane kusan 3,000. In ka raba, kusan zane guda ke nan kowace rana. A yau in ana lissafin manyan masu zanen Ostareliya, farare da baƙaƙe, maza da mata, sunanta yana sahun gaba.

Me ya sa ake rubuta sunanta iri biyu?

Tsofaffin rubuce-rubuce suna cewa Emily Kame Kngwarreye, sababbi kuma Emily Kam Kngwarray. Mutum ɗaya ce. Ƙa'idar rubuta harshen Anmatyerr ce aka gyara, manyan gidajen adana zane kuma suka bi sabuwar.

Kowane ɓangare na sunan da labarinsa. Emily suna ne irin na Turawa. Kam shi ne nata na gida, kuma sunan ƙwayar irin wata doyar daji ce da ke fitowa a ƙasarsu. Za a ga muhimmancin wannan a amsar da ta yi magana kan abin da take zanawa. Kngwarray kuwa ba sunan mahaifi ba ne. Anmatyerr suna raba jama'arsu rukuni takwas na zumunta, kowa ana haifarsa cikin ɗaya, rukunin ne kuma ke nuna wa za ka iya aura, wa za ka kira uwa, wa za ka kira ƙane. Shi ya sa za ka ga masu zane da yawa daga yankin suna amsa Kngwarray ko Petyarr ba tare da sun haɗa uba ba. Akwai kuma alkunyar suna: idan mutum ya rasu, danginsa sukan daina ambaton sunansa na wani lokaci, su maye shi da kalmar Kwementyay. Bahaushen da ya san yadda uwa ke kauce wa sunan ɗan fari ba zai yi mamakin wannan ba.

Da gaske ne sai da ta kusa shekara tamanin ta fara zane?

Wannan ita ce maganar da aka fi yaɗawa a kanta, kuma rabinta ne gaskiya. Sai da ta kusa tamanin ta fara sa fenti a kan ƙyallen zane irin na Turawa. Amma zane, tun tana budurwa take yin sa.

Matan Anmatyerr suna da bukukuwansu na gargajiya da ake kira awely. Kafin a fita rawa, mata sukan zauna a ƙasa, a shafa wa mai rawa kitse a ƙirji da kafaɗu da damatsa, sannan a niƙa jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi, a ja mata layuka da yatsa ko da ɗan tsinke. Ana ja ana waƙa, kuma kowane layi da waƙarsa da wurin da yake nufi. Ba kowace mace ke da ikon ja wa wata wannan zanen ba. Sai wadda ta gāje shi, ta kuma koye shi shekara da shekaru a hannun manya. Emily tana cikin dattijan matan da ke jagorantar awely na Alhalker. Haka kuma akwai zanen da ake yi da yatsa a kan yashi lokacin ba da labari, a share, a sake wani.

Don haka ranar da aka miƙa mata burushi, hannun da ya karɓa ya riga ya yi shekara sittin yana jan layi. A ganina duk wanda ya ɗauki labarinta a matsayin na tsohuwar da baiwa ta faɗo wa daga sama rana ɗaya, ya tauye mata haƙƙi, ya kuma tauye na matan da suka koya mata. Abin da ya sauya a 1988 shi ne abin da ake zanen a kansa. Fata ana wankewa, yashi iska na sharewa, ƙyalle kuwa ana iya naɗe shi a kai birnin Sidni.

Wace irin rayuwa ta yi kafin duniya ta san ta?

Ta buɗe ido cikin zaman da kakanninta suka yi: tafiya daga wannan mashaya zuwa waccan, haƙar saiwa, tara ƙwayar ciyawa a niƙa, farautar ƙadangare. Tana yarinya Turawa makiyaya suka shigo da shanu, suka mamaye wuraren ruwa, suka kafa gandun kiwo a shekarun 1920, su ne ma suka laƙaba wa wurin suna Utopia. Zamani ne na jini. A 1928 aka yi kisan kiyashi na Coniston, inda 'yan sanda da makiyaya suka kashe mutane masu yawa daga al'ummomin Warlpiri da Anmatyerr da Kaytetye.

Kamar sauran jama'arta, ta koma yi wa baƙi aiki a ƙasar iyayenta. Ta yi kiwon dabbobi a gandayen Turawa, ta kuma ja raƙuma masu dakon kaya, aikin da yawanci maza aka sani da shi. Masu nazarin aikinta sukan ce ƙarfin damtsen da ake gani a manyan zane-zanenta a nan ya samo asali. Sai a 1967, tana da shekara hamsin da wani abu, aka yi ƙuri'ar raba-gardama da ta sa aka fara ƙidaya Aborijin cikin jama'ar ƙasar.

Ba ta haihu ba, amma ta yi reno. Cikin waɗanda ta rena akwai Barbara Weir, wadda hukuma ta ɗauke tana 'yar shekara tara a ƙarƙashin manufar raba 'ya'yan da suka haɗa jini da Turawa da iyayensu mata. Barbara ta dawo gida bayan shekaru, ta sake koyon harshen, daga baya ita ma ta zama sananniyar mai zane.

Mene ne batik, kuma me ya haɗa shi da ita?

Batik rini ne da ake yi da kaki. A narka kakin, a zana shi a jikin yadi, a tsoma a baba, inda kaki ya rufe rini ba ya kamawa. Sai a tafasa yadin kakin ya fita, zanen ya bayyana. Sana'ar mutanen Indonesiya ce, kuma daga gare ta atamfar da muke ɗaurawa ta samo asali ta hannun Turawan Holan. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake ɗaure yadi don hana rini shiga wani wuri, ya fahimci dabarar.

A 1977 aka kawo wannan sana'a Utopia cikin shirin ilimin manya, inda Jenny Green da Julia Murray suka yi aiki da matan, aka kuma kafa ƙungiyar mata masu batik a 1978. Emily na cikin waɗanda aka fara da su, ta kuma yi fiye da shekara goma tana yi, a kan auduga da siliki. Lokacin ya zo daidai da wani babban al'amari: dokar haƙƙin ƙasa ta Aborijin ta 1976 ta buɗe ƙofar neman a maido da filaye, a 1979 kuma Anmatyerr da maƙwabtansu Alyawarr suka gabatar da da'awarsu kan Utopia. Matan sun yi awely a matsayin shaidar cewa ƙasar tasu ce, aka kuma maido musu da ita. Wato zanen jiki da waƙa sun tsaya a inda wasu za su kawo takardar fili.

To yaya aka yi ta koma fenti?

Rodney Gooch, wanda ke kula da harkar zane a ƙungiyar yaɗa labarai ta Aborijin da ke Alice Springs, ya raba wa matan Utopia ƙyallaye da fentin roba a ƙarshen 1988. Zane 81 suka fito daga wannan gwaji, aka baje su a Sidni a 1989. Na Emily, mai suna Emu Woman, shi aka sa a bangon littafin bajekolin, kuma nan da nan idon masu saye ya koma kanta. A 1990 aka yi bajekolin aikinta ita kaɗai a gidan Utopia Art da ke Sidni.

Fenti ya dace da ita. Batik na son tafasa ruwa, da hayaƙi, da wanki, da jira, ga tsufa ga ido ya fara rauni. Fentin roba kuwa yana bushewa da wuri, hannu na tafiya yadda zuciya ke so. Maza sun riga mata shiga wannan fage, domin tun 1971 dattijan wani ƙauyen Aborijin mai suna Papunya suka fara zana labaransu a kan allo tare da wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon. An yi shekaru ana ɗauka harkar ta maza ce, har mata, ciki har da na Utopia, suka nuna ba haka ba ne.

Me take zanawa? Ni ɗigo da layi kawai nake gani.

Alhalker take zanawa, ƙasar mahaifinta da kakanta. Da aka tambaye ta a 1990, sai ta jero: awely, doyar daji, wani ƙadangare mai ƙaya, ƙwayar ciyawa, emu, wato tsuntsun nan mai kama da jimina, ganyen da emu ke ci, waken daji, da kam. Ta rufe da cewa duka gaba ɗaya take zanawa. Wannan amsa ita ce mabuɗin aikinta.

Ɗauki doyar, wadda suke kira anwerlarr. Ba doya ba ce irin tamu. A wurin masana tsirrai 'yar gidan su wake da gurjiya ce, sunanta Vigna lanceolata. Bayan ruwan sama takan yaɗu a ƙasa, ta yi ganye kore da ƙananan furanni rawaya. In rani ya shigo ganyen ya bushe ya ɓace, wanda bai sani ba zai taka wurin ya wuce. Amma a ƙarƙashi saiwar na kumbura, siririya kamar alƙalami, har ta tsaga busasshiyar ƙasar da ke samanta. Wannan 'yar tsaga ita mace ke nema. Ta durƙusa da sandar haƙa, ta bi tsagar, ta tono, ta bi saiwar zuwa inda ta yi reshe. Yanzu koma ka dubi zanenta na 1995 mai suna Big Yam Dreaming, wato Mafarkin Babbar Doya: farin layi a kan baƙar shimfiɗa, faɗinsa mita takwas, tsayinsa kusan uku, layin na lanƙwasa yana sarƙewa yana rabuwa ba tare da ka ga inda ya fara ba. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne, kamar yadda wadda ta yi shekara saba'in tana tono ta san shi. Ɗige-ɗigen da ke wasu zane-zanen kuma su ne ƙwayar iri, da fure, da abin da emu ke tsattsaga yana tafe.

Tunda sunanta Kam, zanen doyar ba zanen wani abu ne can daban da ita ba.

Ana yawan haɗa aikinta da "mafarki". Mafarkinta take zanawa?

A'a. Turawa ne suka fassara kalmar Altyerr da kalmarsu ta mafarki, fassarar kuma ta bi duniya tana rikita mutane. Altyerr a aƙidar Anmatyerr ya ƙunshi labarin yadda magabata na farko suka ratsa ƙasa suka bar duwatsu da mashaya da tsirrai, da dokar zaman jama'a da ta biyo baya, da nauyin da ke kan kowane gida na kula da yankinsa. Mutum yana gādon nasa rabon, ba ya kuma zana na wani sai da izini. Sunan Alhalker kansa yana da alaƙa da wani dutse mai huda a jikinsa, ita ma Emily tana da huda a tsakiyar hancinta bisa al'adar wurin.

Akwai sanin da ba a faɗa wa bare, akwai na mata da maza ba sa ji. Mai kallo daga waje yana ganin abin da aka yarda ya gani ne.

Yaya take aikin?

A ƙasa, a waje, a inuwa. A shimfiɗa ƙyallen a danne gefensa, ta zauna ta naɗe ƙafa, gwangwanayen fenti kewaye da ita, karnuka da yara na kai-komo. In zanen babba ne sai ta hau kansa ta zauna, ta yi iya inda hannunta ya kai, ta matsa. Ba ta fara gwadawa da fensir, ba ta ja da baya ta hango, sau da yawa kuma tana yi tana rera waƙar abin da take zanawa. Shi ya sa yawancin aikinta ba shi da sama ba shi da ƙasa. Wanda zai rataye ne ke zaɓa. Big Yam Dreaming, duk girmansa, kwana biyu ta yi ta gama.

Da ta so manyan ɗigo, sai ta rage gashin burushi, ta tsoma shi a launi biyu ko uku, ta riƙa dankara shi a ƙyallen tana murzawa, kowane ɗigo ya fito kamar buɗaɗɗen fure. Ta yi aiki mai yawa a gandun Delmore Downs, inda iyalin Holt ke ba ta kayan aiki suna kuma sayar da zanen.

Salonta iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe?

Ko kusa. A 1989 zuwa 1991 ƙananan ɗigo ne birjik, suna lulluɓe layuka da sawun emu da ke ƙasansu. Daga 1992 launi ya ɓarke, ɗigon ya yi girma. A wannan zango ta yi Alhalker Suite na 1993 mai allo 22, da Earth's Creation na 1994, mai faɗin sama da mita shida, kore da shuɗi da rawaya irin na bayan ruwan sama. A 1994 ɗin kuma ta ba kowa mamaki, ta ajiye ɗigo ta koma miƙaƙƙun layuka baƙaƙe a kan fari, irin waɗanda ake ja a ƙirjin mai rawa, kamar yadda aka bayyana a amsar shekarun da ta fara zane. Sai layukan doya a 1995.

A watan Agusta na 1996, saura kamar mako biyu ta rasu, ta yi ƙananan zane 24 cikin kwana uku da faffaɗan burushi. Babu ɗigo, babu layi, sai shafen launi, ɗaya ma kusan fari fat. Waɗannan su suka fi taɓa ni.

Me ya sa ake kwatanta ta da Monet da Pollock? Ta koya daga wurinsu ne?

Ba ta koya ba. Ba ta yi makarantar zane ba, ba ta karatun boko, kuma nesa take da gidajen da aka rataye ayyukansu. Masu sharhi ne suka ga launukanta suka tuna da Claude Monet na Faransa, suka ga layukanta suka tuna da Jackson Pollock na Amurka, domin abin da idonsu ya saba da shi ke nan.

Kwatancen ya taimaka wajen shigar da ita manyan gidajen zane, wannan ba a musu. Amma yana da illa. Yana sa a ɗauka darajarta ita ce ta yi kama da wani Bature, alhali tushen aikin daban ne. Pollock yana neman zanen da ba ya nuna komai sai kansa. Ita kuwa kowane zane nata yana nufin wuri takamaimai, mai suna, mai iyaka, mai masu shi. Bajekolin da aka yi a Kanbera, babban birnin ƙasar, a 2023, wanda mata biyu 'yan Aborijin, Kelli Cole da Hetti Perkins, suka tsara tare da matan danginta, ya dage kan a kalle ta da ma'aunin Alhalker, kuma a ganina nan ne daidai.

Ta yi arziki da zanen?

Kuɗi sun shigo, amma ba su zauna a hannunta ba, ba kuma don an ƙwace duka ba. A al'adarsu abin da mutum ya samu na dangi ne. Takan raba kuɗin, ta saya wa 'yan uwa motoci, ita kuma ta ci gaba da kwana a sansani irin na da. A 1992 gwamnati ta ba ta babbar kyautar tallafin masu fasaha, Firayim Minista Paul Keating ne ya miƙa mata.

Manyan kuɗin sun zo ne bayan ranta. An yi gwanjon Earth's Creation a 2007 kan dalar Ostareliya 1,056,000, aka sake sayar da shi a 2017 kan miliyan 2.1. Sai a 2010 dokar ƙasar ta fara ba mai zane ko magadansa kashi 5 cikin 100 idan aka sake sayar da aikinsa, bisa wasu sharuɗɗa.

An ce dillalai sun matsa mata, kuma akwai jabun aikinta. Haka ne?

Matsi kam an yi. Da sunanta ya fito, masu saye suka riƙa tururuwa zuwa Utopia da ƙyalle da fenti a bayan mota, kowa na son ta yi masa. Ga dangi masu yawa da suka dogara da hannunta. Tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu ta tsinci kanta tana ciyar da jama'a da burushi, kuma ba duk zane 3,000 ɗin ne suka kai matsayi ɗaya ba. Wasu dillalan sun yi mata adalci, wasu sun ci da guminta.

Maganar jabu ta dabaibaye kasuwar zanen Aborijin gaba ɗaya, har majalisar dattawan ƙasar ta yi bincike a 2007, daga baya aka fito da ƙa'idar ciniki da dillalai ke sa wa hannu. Saboda haka mai sayen aikinta yau ba sa hannu kawai yake dubawa ba. Yana bin sawu ne: wa ya ba ta ƙyallen, a ina aka zana, hannun wa da wa ya ratsa.

A ina ake ganin aikinta?

Big Yam Dreaming yana gidan adana zane na jihar Biktoriya a Melbon, Alhalker Suite kuma yana na ƙasa a Kanbera. A 1997, shekara guda bayan rasuwarta, aikinta ya wakilci Ostareliya a babban bajekolin Benis na Italiya tare da na Yvonne Koolmatrie da Judy Watson. An yi bajekolin waiwayen ayyukanta a Birisben a 1998, sannan a Osaka da Tokyo a 2008, sai Tate Modern ta Landan a 2025. A 2015 ɗan Najeriya Okwui Enwezor, ɗan Afirka na farko da ya jagoranci bajekolin Benis, ya sa Earth's Creation cikin ayyukan da ya zaɓo.

Wanda bai je ko ɗaya ba yana iya ganin ta a filin jirgi. A 2018 kamfanin Qantas ya yi wa wani jirginsa Boeing 787 ado da zanen da aka ciro daga Yam Dreaming nata na 1991, aka kuma rubuta sunanta a jikinsa.

Su wa suka ɗora daga inda ta tsaya?

Da farko matan gidansu. Gloria Petyarre, wadda suka yi batik tare, ta ci kyautar Wynne ta zanen shimfiɗar ƙasa a 1999. Kathleen Petyarre ta yi suna da zanen ƙadangaren nan mai ƙaya. Minnie Pwerle, mahaifiyar Barbara Weir da aka ambata a amsar rayuwarta ta farko, ita ma sai da ta tsufa tukuf ta ɗauki burushi, wajejen 2000, kuma masu saye ba su tsaya tambayar ko tsohuwa daga daji za ta iya ba, domin Emily ta riga ta amsa wannan. Babu ɗayansu da ta kwaikwayi hannunta. Kowacce nata rabon na Altyerr take zanawa, kamar yadda doka ta tanada.

A Utopia kuwa har yanzu mata suna zane a ƙasa a inuwa, suna shafa kitse da jar ƙasa in lokacin awely ya yi. Anwerlarr na nan tana fitowa a Alhalker bayan ruwa, kuma matan da Emily ta ja wa layi a ƙirji suna 'yan mata su ne yanzu ke nuna wa jikokinsu inda ƙasa ta tsage.